Daga ina yaron ya samo 35?

Aikina horar da masu neman shaidar malanta ta NCE ne a fannin ilimin firamare, da kuma bin su makarantu idan sun fita koyarwar gwaji. Babban abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, lissafin aji biyu ilimi ne mai zurfi, kuma ɗalibanmu da yawa suna gama shekara uku a kwaleji ba wanda ya zauna ya warware musu shi.

A ba yaro 52 − 27, sai ya rubuta 35. Duk ɗalibin da na nuna wa wannan nan take yake cewa kuskure ne, amsar 25 ce. Amma da na ce, "To malamai, daga ina yaron ya samo 35?" sai aji ya yi tsit. Yaron nan ba shaci-faɗi ya yi ba. Tun a aji ɗaya aka gaya masa ba a ɗebe babba daga ƙarami. Da ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, sai ya juya su, ya ɗebe 2 daga 7 ya samu 5, sannan ya ɗebe 2 daga 5 ya samu 3. Ƙa'idar da aka ba shi yake bi da zuciya ɗaya. Malamin da bai gano haka ba zai zaro jan biro ya soke, ya ɗaga murya ya ce, "Ka ari ɗaya mana!" Gobe yaron ya sake yin abin da ya yi jiya, domin bai san wane ɗaya ake nufi ba, bai san daga ina ya fito ba.

Shi ya sa nake sa kowane ɗalibi ya zo da tsinken tsintsiya. A ɗaure goma-goma: ɗauri biyar, ga tsinke biyu a gefe. Ana son a cire bakwai, biyu ba za su isa ba, dole a kwance ɗauri guda. Yanzu ɗauri huɗu ne da tsinke 12. Ashe abin da ake cewa "ɗaya" goma ce cur. Na sha ganin magidanta, masu 'ya'ya a firamare, suna kwance ɗaurin nan suna girgiza kai, suna cewa sai yau suka gane abin da suka haddace tun suna ƙanana. Ba laifinsu ba ne. Haka aka koya musu, kuma in ba a tare abin a kwaleji ba, haka za su koyar.

Haka lamarin yake a rabawa. Kowa ya iya cewa 3 ÷ ½ = 6, a kifa na biyun a ninka. Ka ce ya ƙirƙiro labarin da zai dace da wannan lissafi, sai ka ji ana raba lemo uku tsakanin mutum biyu, wanda wani lissafi ne daban. Labarin da ya dace shi ne: mudu uku na gero, kowane gida za a ba shi rabin mudu, gida nawa za su samu? Shida. Wanda bai iya kawo irin wannan ba, me zai ce wa yarinyar da ta tambaye shi dalilin da ya sa aka raba abu amma amsa ta ƙaru?

A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanke ba. Abin ya tayar da ƙura, kuma ya kamata ya tayar. Sai dai a ganina, ko malami ya ci wannan jarrabawa ɗari bisa ɗari, ya nuna ne kawai ya iya samo amsa. Iya karanta kuskuren yaro wani fanni ne, kuma ba a samun sa ta hanyar ƙara wa ɗalibi darussan aljabara. Shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, a jihohin Kaduna, Neja da Filato, ya kama hanya mai kyau, domin ya dage a kan yara su taɓa abu da hannunsu, malami kuma ya sarrafa kayan da ke kusa da shi. Amma horon malaman da ke bakin aiki ne. Ni dai na fi son a fara tun daga shekarar farko a kwaleji.

Akwai kuma abin da yaran ke zuwa da shi daga gida. Yarinyar da ke tallar gyaɗa, a ba ta naira 500 a sayi ta 270, ba ta ara ba ta rubutu: daga 270 ta ƙara 30 ta kai 300, ta ƙara 200, canji 230. Hanya ce ingantacciya, malamin da ya san aikinsa zai sa ta fito allo ta nuna wa 'yan ajinsu.

Ɗalibaina kan ce, "Malam, a ajin da yara suka fi ɗari, yaushe za mu bi kuskuren kowa?" Suna da gaskiya, ba za a iya ba. Amma kurakuran ba su da yawa kamar yaran. In ka tattara littattafai goma ka duba 52 − 27, amsoshin da ba daidai ba ba sa wuce iri biyu ko uku, kuma 35 ce ke kan gaba. Don haka duk wanda na je duba shi a koyarwar gwaji, kafin in karɓi takardar shirin darasinsa, littattafan yaran nake fara cewa ya kawo mu buɗe tare.