Muryar Malam na cikin wayar

Shagona ɗan ƙarami ne, nan kusa da kasuwar Dole a Damagaram. Da fari aikina tura waƙa ne da wa'azi a kart memuwar, sai fotokopi. Yanzu kam rabin masu shigowa abin da ya ɓace musu a waya suke nema.

Ran nan wata Hajiya daga unguwar Birni ta zo da salula ƙulle a bakin zane, ta ce "ɗana, muryar Malam na ciki." Maigidanta ne ya rasu, duk saƙon murya da yake aiko mata ta WhatsApp daga Agadas suna cikin wayar, wayar ta sha ruwa, ba a taɓa haɗa ta da Google Drive ba don ko imel ba ta da shi. Kwana uku ina fama, da ƙyar na ciro hotunan da ke kan kart, muryar kam ta tafi. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Mutanenmu gani suke abin da ya hau intanet ya zauna kenan. Ina! Skyblog, shafin intanet ɗin nan da muka cika da hotuna a siber muna ƴan lakwal an rufe shi a Agustan 2023, babban ɗakin karatu na Faransa ya kwafi da yawa ya adana amma sai ka je can ka gani. Hawan sallah na fadar Sarkin Damagaram da kokowar takobi kuwa suna warwatse a Facebook na samari, yaro ya yar da sim ya manta lambar sirri, shikenan ba mai iya shiga, wata rana a nema a rasa.

Shi ya sa duk abin da aka kawo min sai na kwafa a diski biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Ko hakan ma ba a tsira ba, ga ƙura, ga zafin Afrilu, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa ana tsakiyar kwafi. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 diski guda ya mutu min a haka.

Jiya Hajiyar ta dawo da wani tsohon kaset na ɗaurin auren ƴarta, ta ce Malam ya yi addu'a a ciki. Bel ɗin rediyona ya tsinke, na ba direba sautu daga Kano, gobe in sha Allahu zai iso.