Ashirin ɗin da na rubuta ban ƙirga ba

Ina cikin aji ina koya wa 'yan shekarar farko ƙirga numfashi aka kira ni aka ce Malama ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na fita baranda. Ta yi sama da shekara talatin tsakanin ɗakin haihuwa da gaban allo, ta yaye nas-nas da ungozomomin da ita kanta ba ta san adadinsu ba. Amma ina tsaye a barandar nan, lamba ɗaya ce kawai take yi mini yawo a ka: 20.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun ungozoma, saura wata biyu mu zauna jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Ba a daɗe da fara amfani da maganiziyom salfet ba, allurar da ake yi wa masu ciki da masu jego idan suka yi jijjiga. A Kano, a 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma, kuma cikin shekara guda mutuwar masu jijjigar taune-taune ta faɗo daga kashi 20 da ɗoriya cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Duk wadda ta yi zamanin dayazifam, maganin da ake ba su kafin wannan, ta san bambancin. Malama ta riƙe maganin nan hannu bibbiyu, amma ta hana mu sakat da sharuɗɗansa uku. Kafin a ƙara wa mace giram 5 bayan kowace awa huɗu, sai an buga gwiwa ta harba, sai numfashi ya kai 16 a minti ɗaya, sai fitsari ya kai mil 30 a awa. Ta ƙoda maganin yake fita, idan ƙoda ta yi sanyi sai ya taru a jini ya danne numfashi. Mun haddace wannan kamar Fatiha. Ni ce ma nake yi wa ƙawayena bita a ɗakin kwana.

Daren da abin ya faru an ɗauke wuta, gadaje sun cika har da na ƙasa, Sista ɗaya ce sai mu ɗalibai biyu. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 17 ba, haihuwar fari, ta haihu a gida ta yi jijjiga aka kawo ta da yamma. Allurarta ta gaba ƙarfe biyun dare, ni aka ba awonta. Na gwada jini, na ƙirga bugun hannu, sai aka ƙwala mini kira wata tana zubar da jini. Da na dawo, gurbin numfashi ne kaɗai fanko a takardar. Na haska tocila sama, na ga waɗanda suka riga ni: 20, 20, 20. Na ɗauki biro na ƙara nawa a ƙasa. Ledar fitsarin tana rataye a ƙarƙashin gado, ban durƙusa na duba ba. Sista ta kalli takarda, ta ga komai daidai, ta yi allura.

Malama tana da ɗabi'ar faɗo wa 'yan aikin dare kafin asuba ba sanarwa. Ta shigo da tocilarta da take saya wa batir da kuɗinta, ta bi gado gado, ta zo kan yarinyar ta tsaya. Ta kama agogon ƙirjinta. Ban taɓa ganin minti mai tsawon wannan ba. Ta ce, "Goma." Ta buga gwiwa da 'yar gudumar roba, ƙafa ko motsi. Ta durƙusa ta ɗago ledar: ɗan fitsari ne ja kamar shayi, ko gindin ledar bai rufe ba. Ba ta ko kalle ni ba, ta ce in kawo kalsiyom gulukonet, makarin maganin, in aika a taso likita. Giram ɗaya ta jijiya, a hankali a hankali, idonta na kan ƙirjin yarinyar. Uwar yarinyar tana zaune a tabarma da jariri a cinya tana tambayata, "'Yar nan, lafiya dai ko?" Na kasa buɗe baki.

Allah ya yi da sauran kwana. Yarinyar ta tashi, aka sallame ta da ɗanta, ba ta taɓa sanin abin da biro na ya kusa yi mata ba.

Da hantsi Malama ta kira ni ofis, takardar na gabanta. Ta ce, "'Yata, kin ƙirga?" Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don ba wanda ya gan ni. Na ce, "Ban ƙirga ba, Malama." Ta ce, "Da kin bar wurin fanko, da Sista ta tambaya." Iyakar faɗan ke nan. Sai ta cire sunana daga jerin masu jarrabawa. Sau biyu ake yin ta a shekara, don haka wata shida ta ƙara mini. Ƙawayena suka fita suka bar ni. An sa ranar aurena bayan jarrabawa, aka ɗaga. A unguwarmu aka ce faɗuwa na yi, Babanmu ya yi sati bai yi mini magana mai tsawo ba.

Har yau akwai abin da yake ci mini rai. Ashirin uku na tarar a saman tawa, kuma na tabbata ba a ƙirga ko ɗaya ba, waɗanda suka rubuta su kuwa sun girme ni a aiki. Na faɗa wa Malama haka ina kuka. Ta ce su sun fita daga hannunta, ni ce a hannunta. Na yi shekaru ina ganin an yi mini rashin adalci, kuma ko yanzu ban ce babu rabin gaskiya a wajena ba.

A wata shidan nan ta ajiye ni kusa da ita. Kowace safiya sai na ƙirga numfashin duk wadda ke kwance a ɗakin, minti cikakke, ba daƙiƙa goma sha biyar a ninka huɗu ba. Ta koya mini in bar yatsuna a wuyan hannu kamar bugun jini nake ji, domin da mutum ya gane numfashinsa ake kallo zai canza shi. Abin da ya ba ni mamaki, sai na yi kwanaki ban sami 20 ba. 14 nake samu, 17, 23, 26. Daga nan idan na ga takarda an jera mata ashirin daga sama har ƙasa, gabana faɗuwa yake.

A zaman nan ne kuma na san ko wace ce ita, daga bakin tsofaffin masu shara da 'yan ɗakin magani, don ita ba ta ba da labarin kanta. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan ta kashe fiye da dubu 11, ta yi makonni tana kwana a asibiti, marasa lafiya na kwance har gindin bishiya. Akwai ɗaliban da ta biya wa kuɗin rajista ba su san daga inda ya fito ba sai bayan sun gama.

Yanzu ni ke riƙe da alli. Ɗalibaina suna son na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ina nuna musu cewa iskar jini da bugun zuciya take bayarwa, ba ta ƙirga numfashi. Ina ce musu idan aiki ya yi yawa ba su samu sun auna ba, su bar gurbin fanko su faɗa da bakinsu, za a yi faɗa amma wani zai je ya duba. Ina sa su durƙusa su ɗago ledar fitsari, ko da fararen kayansu za su taɓa ƙasa. Bara na kama wata ta rubuta awon da ba ta yi ba. Mahaifiyarta ta zo har gida tana roƙona don Allah don Annabi. Ban yi barci ba a daren, amma na cire sunanta.

Na je gaishe da Malama da sallar da ta wuce, jiki ya yi rauni, muka yi hirar jikoki da tsadar magani. Na yi niyyar in ɗauko maganar daren nan in ce na gode, sai na ce bari sai wani zuwan. A wajen ta'aziyya gidan ya cika da mata har soro, wasu da kayan aiki suka zo daga asibiti kai tsaye. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Washegari na koma ajin da na bari, na raba su biyu biyu, na ce kowa ta cire agogonta ta ɗora a kan tebur.