Kashin kare ma yana da rajista: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

Wanda ya taso inda kare ke gadi a ƙofar gida yana kwana a waje zai sha mamaki ranar da ya zo sa hannu a takardar hayar gida a Amurka ya tarar da sharaɗin gwajin DNA na kare. Ba wasa ba ne. Rukunan gidajen haya da yawa suna aiki da PooPrints, kamfanin da ke ajiye DNA (shaidar halitta) na kowane kare don in an bar kashi a gano karen a ci mai shi tara, wanda ɗakin gwajinsa ke Knoxville a jihar Tennessee. A wasu garuruwan Turai kuwa hukumar gari ce ta tilasta: Malaga ta Sifaniya ta wajabta tun 2017, Béziers ta Faransa ta fara a 2023, da cajin yuro 122 a lokacin na share kashin da aka bari.

Rajistar ba ta da wuya. Ana goga sandar auduga a cikin kumatun karen na daƙiƙa goma zuwa ashirin, yawanci sanduna biyu, a bar su su sha iska, a rufe a ambulan a aika. Inda ake yawan kuskure shi ne kafin gogawar. Kada karen ya ci abinci kusan awa ɗaya kafin nan, kada kuma ya sha ruwa a kwano ɗaya da wani kare, don yawun ɗayan na gauraya samfurin sai an sake. Audugar da aka rufe da danshi takan yi fumfuna.

In an tsinci kashi a farfajiya, ma'aikaci ne ke kankarar ɗan kaɗan daga samansa, ya zuba a kwalba mai ruwan magani, ya girgiza, a aika ɗakin gwaji. Me ya sa sama? Domin ƙwayoyin bangon hanjin karen a nan suke mannewa lokacin fita. Shi ya sa kashin da ya kwana biyu a rana, ko ruwan sama ya wanke, sau da yawa ba ya nuna komai. Na karen baƙo ko wanda ba a yi wa rajista ba, shi ma asarar kuɗin gwaji ne kawai. A ganinmu nan ne raunin tsarin: mai bin doka ake iya kamawa, mai ƙin rajista yana yawonsa.

Ga abin da ya fi shafar namu. Tarar tana bin sunan da ke rajista, ba hannun da ya riƙe igiya ba. In yara suka matsa aka ɗauko kare, kai za a rubuto wa. In kuma kana aikin yawo da karnukan mutane, mai karen zai biya, kai kuma ka rasa aikin. Riƙe leda aƙalla biyu a aljihu, ka sa hannu a ciki kamar safa, ka ɗebe, ka juya, ka ƙulle, ka jefa a kwandon shara.

Mafi yawanmu dai ba mu da kare, damuwarmu najasa ce a takalmi ana hanyar masallaci. To, kada ka share da kanka, kada kuma ka yi wa maƙwabci faɗa. Ɗauki hoto, ka rubuta wuri da lokaci, ka kai ofishin masu kula da gidan tun kashin bai bushe ba.