Kafin a sayi sabuwar saba: yadda muke kula da rumbun bayanai

Kiran da ya fi shigo wa ɗan kamfaninmu kusan iri ɗaya ne: "Manhaja ta yi nauyi, a samo mana saba mai ƙarfi." Saba ita ce injin da rumbun bayanai ke zaune a kai. Mu kuwa ba ma yarda a fitar da kuɗin nan sai mun auna. Rumbunan da ke hannunmu akasari PostgreSQL ne (manhajar adanawa da sarrafa bayanai), na kantunan magani da makarantu da 'yan sari, kuma da wuya a tarar injin ne mai laifi.

Muna farawa da kunna pg_stat_statements, mu bar shi kwana biyu ko uku yana lissafin tambayoyin da manhaja ke aika wa rumbu, wato umarnin nemo bayanai, gyara su ko goge su. Tambayar da ke ɗaukar daƙiƙa 10 sau ɗaya a rana ba ta cika damunmu ba. Wadda ke cin milisakan 200 amma a maimaita ta sau 50,000, ita ce ɓarauniyar, don ta kwashe kusan awa uku na aikin injin. Sai mu ɗora mata EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ya bi wajen amsa tambaya da lokacin da ya ɗauka. In aka ga Seq Scan (bin layuka ɗaya bayan ɗaya) a kan tebur mai layi miliyoyi alhali layi biyar ake nema, to fihirisa ce babu, wato jadawalin da ke kai rumbu ga layi kai tsaye. A kula, EXPLAIN ANALYZE yana aiwatar da tambayar da gaske; in ta gogewa ce, a sa ta tsakanin BEGIN da ROLLBACK, mai warware abin da aka yi, in ba haka ba bayanan sun tafi. Kuma da tsakar rana CREATE INDEX CONCURRENTLY ake amfani da shi wajen gina fihirisa, domin na yau da kullum yana hana rubutu a teburin har ya gama, masu karɓar kuɗi a kanti su yi cirko-cirko.

Inda aka fi shan wuya shi ne shara. PostgreSQL ba ya share tsohon layi nan take idan an gyara shi ko an goge shi. Yana barin mataccen layi sai autovacuum, mai sharar da ke aiki da kansa, ya zo ya kwashe. A saitin asali autovacuum ba ya tashi sai matattun sun kai kashi 20 cikin 100 na teburin. Ke nan a tebur mai layi miliyan 10, sai shara ta kai miliyan 2. Manyan tebura muna rage musu zuwa kashi 1 ko 2. Wani lokacin ma saitin lafiya lau yake, amma manhaja ta buɗe mu'amala (aikin da aka fara da BEGIN) ta manta ba ta rufe ba. A pg_stat_activity, jerin ayyukan da ke gudana a rumbu, za a gan ta zaune tun safe, kuma muddin tana nan, sharar da ta taru bayan buɗe ta ba ta kwasuwa.

Batun RAM gajere ne. Ana zuwa da shared_buffers, kason RAM da rumbu ke riƙe bayanai a ciki, a 128MB. A injin 16GB muna kai shi wajen 4GB. Shi kuwa work_mem, kason RAM na jera da tara sakamako, mai farawa daga 4MB, kowace tambaya kan ɗebi nata, wata ma sau biyu ko uku. Wanda ya mai da shi 256MB da haɗi 100 tsakanin manhaja da rumbu a buɗe ya sayo wa kansa rigima. In haɗin ya yi yawa, PgBouncer muke sawa a gaba, manhajar da ke sa a yi karɓa-karɓa da haɗi kaɗan.

Akwai masu kashe fsync, saitin da ke tabbatar da an rubuta bayanai a faifai, don samun sauri. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ganganci ne, domin ɗaukewa ɗaya na iya lalata rumbun baki ɗaya.

Ajiyar ko-ta-kwana ta pg_dump ko pgBackRest (kayan kwafar bayanan rumbu) muna gwada maido da ita a wani injin duk wata, mu rubuta minti nawa ta ɗauka. Kowane babban sigar PostgreSQL shekara 5 ake kula da shi, don haka muna riƙe da ranar ƙarewar na kowane abokin hulɗa. In matsala ta gagare mu kuwa, muna kai ta ga 'yan'uwa masu sana'ar, kuma abin da za su fara tambaya shi ne lambar siga, girman tebur da cikakken sakamakon EXPLAIN ANALYZE.