Mu masu gadin kwamfutocin 'yan kasuwa

Ƙaramin kamfani nake da shi a Kano, ni da yara uku. Da gyaran waya na fara a Farm Centre, yau kuma aikinmu kula da kwamfutocin shagunan magani, makarantun kuɗi da wasu diloli na Kantin Kwari.

Da an ce kutse, sai hankalin mutane ya tafi kan wani gwani a ƙasar waje. Akwai irinsu kam. A watan Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Amma ɓarawon da nake fama da shi kullum waya kawai yake bugowa. Ya ce daga banki ne, BVN ya samu matsala, a karanto masa lambar da aka turo. Ko ya yaudari mutum ya karɓi lambobi shida da ake turowa don buɗe WhatsApp, ya ƙwace asusun, kafin la'asar ya bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya yana neman rance da sunan maigida. Kulle na biyu da ke hana wannan, wato ƙarin lambar sirri da mai WhatsApp ke zaɓa da kansa, minti biyu ake sa shi, shi ya sa da shi nake farawa duk shagon da na shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ajiyar bayanai. Akwai wani dattijo mai sayar da magani a sari, duk lissafin bashinsa na shekaru yana cikin kwamfuta ɗaya. Rannan aka dawo da wuta da ƙarfi, ma'ajiyar cikinta ta ƙone. Na ce, "Alhaji, ina kwafin?" Ya ce, "Wane kwafi, ɗana?" Na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sati biyu muka yi muna tattara tsofaffin rasit, kuma wasu basussukan sun tafi ke nan. Tun daga ranar ba na karɓar aiki sai an yarda da kwafi uku: ɗaya a kwamfutar, ɗaya a na'urar da za a ajiye a gida, ɗaya a intanet. Duk wata kuma sai na buɗe kwafin da hannuna na ga yana aiki.

Maganar kalmar sirri ta fi wuyar faɗa. Shago guda, kalma guda, kowa ya san ta, har yaron da ya bar aiki bara. Idan na ce kowa ya samu tasa, sai maigida ya ga kamar ina zargin yaransa da cin amana. Nakan ce masa wannan kariya ce gare su, don ranar da kuɗi suka ɓace ba za a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Ga kuma tsofaffin kwamfutoci. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da ya saba, ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali yawancin na hannun da nake gani a shaguna ita ce a kansu, wasu ma ta sata. Makarantu kuwa ina tuna musu da dokar kare bayanai ta 2023, domin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu amana ce a wuyansu. Gobe da safe ma wata makaranta zan je, akawunsu ya ajiye aiki, dole a canja duk kalmomin sirrin da ya sani kafin a fara karɓar kuɗin zango.