Kwana 12 da Durwa a zauren gidanmu

Ni dai awaki da tumaki ne suka kai ni karatun kiwon dabbobi, kamar kowane ɗan Maraɗi da ya buɗe ido ya ga jar akuya ɗaure a tsakar gida. A aji ma nan abin yake zagayawa, shanu, raguna, kaji, rigakafi, yadda za ka kayar da rago ka danne shi da gwiwa ka yi mai allura ka sake shi. Kare kuwa bai fi shafi uku ba cikin kayena, wato littafin da nake rubutu a ciki, su ma rabi a kan ciwon hauka ne. Sai da na je sitaj, wato koyon aiki, wani ɗan kilinik na dabbobi a cikin gari aka jefo min aikin da ba wanda ya taɓa koya min shi.

Watan Afrilu ne, lokacin nan da zafi ke wuce digiri 40 tun kafin azahar, mangwaro kuma ya cika gari ko'ina ƙwallo zube. Wani mai gadi ya zo daga unguwar Zariya rungume da ƴar karya cikin buhu, ba ta fi wata bakwai ba, ya ce kwana uku ke nan ko ruwa ta sha sai ta amayar, maigidan kuma ya yi tafiya. Dokta ya shafa cikinta ya ji wani abu mai tauri da ba ya motsi, aka yi mata ƙarin ruwa, da yamma aka shiga aiki. Ƙwallon mangwaro ne ya toshe mata hanji. Ni ne mai miƙa kayan aiki, na ga yadda aka tsaga hanjin aka fiddo shi aka ɗinke, sannan aka ɗinke naman ciki, sannan fata. Ɗinki hawa uku ke nan, biyu daga ciki ba mai ƙara ganinsu.

Ta kwana ɗaya a kilinik, washegari aka rasa inda za a kai ta. Wurin namu ɗaki biyu ne da rufin kwano, da dare a kulle yake, gidan da ta fito kuma akwai manyan karnuka biyu, shi mai gadin kwana yake a farke da rana ya yi barci. Dokta ya dube ni ya ce "kai za ka tafi da ita gida, kwana goma zuwa sha biyu, ka ɗauka wannan ma cikin sitaj ɗin yake."

Inna da ta gan ni da ita a adaidaita cewa ta yi "kai yaron ga, kare za ka shigo min da shi inda nike salla?" Baba ne ya raba gardamar, ya ce a wajen malamanmu na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai, don haka a ware mata kwanonta, kuma kar ta wuce zaure. Ya ƙara da tuna mata hadisin mutumin nan da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. Inna ba ta ce ta yarda ba, ta dai shige ciki. Na share lungun zaure inda muke ajiye buhunan dusa na shimfiɗa tsohuwar tabarma. Mai gadin ya ce sunanta Durwa.

Daren farko ban runtsa ba. Jikinta na rawa, tana wani kuka ƙasa-ƙasa da ba ya tsayawa, ni kuma na ɗauka ciwo ne ke cin ta, wajen ƙarfe biyu na dare na kira Dokta na ce ko in ba ta rabin ƙwayar ciwon jiki da ke gidan. Ya ce kul, ibuprofen da diklofenak na mutane suna iya huda wa kare ciki su kashe mai ƙoda, parasetamol ma ba a ba shi da ka, maganin ciwon da ya auna mata da nauyinta ya isa. Sai ya sa na duba abu uku. In ɗaga leɓenta in ga dasashi, in ja-ja ne kamar namu to lafiya, in danna da yatsa ya yi fari ya dawo cikin daƙiƙa biyu, in kuwa fari ne fat to jini na zuba a ciki in taho da ita yanzu. In auna zafin jikinta, na kare tsakanin 38 da 39 da ɗan wani abu yake. In taɓa cikin a hankali in ji ko ya kumbura ya yi tauri. Duka ukun lafiya lau. Ya ce "to tsoro take ji, ba ta san inda take ba, ba ta san ka ba, rage haske ka zauna kusa." Na ji maganar amma wallahi ban fahimce ta ba sai da na yi ɓarna.

Da safe lokacin magani ta shige bayan buhu ta ƙi fitowa, ni kuma ina sauri in leƙa kilinik, sai na yi abin da hannuna ya saba, na kamo ƙafarta ta baya na jawo na danne kamar rago. Ta yi wata ƙara da har yau ina jin ta, ta saki fitsari a jikinta, ta kai wa hannuna cizo ta kuskure. Da na duba ɗinkin sai na ga bakinsa ɗaya yana tsattsafo da jini. Ni na yi wannan da hannuna, ga dabbar da aka ba ni amana, ranar ko abinci kasa ci na yi.

Dokta ya zo bayan la'asar, bai yi min faɗa ba. Ya zauna a ƙasa ya ba ta gefensa, bai kalle ta ba ko sau ɗaya, yana ta yi min hirar farashin raguna a kasuwa, mun kai minti ashirin a haka sai ga ta ta fiddo kai ta miƙo hanci tana sunsunar takalminsa. Sannan ya ajiye ɗan nama a ƙasa, a tsakaninsu, ba a hannunsa ba. Cikin yanka na uku ya tura ƙwayar maganin ta haɗiye ba ta sani ba. Da zai tafi ya ce min "rago minti ɗaya kuke yi ku rabu, wannan kuwa sau uku a rana za ka dawo mata har kwana goma, in ta tsane ka yau da me za ka duba ɗinkin gobe?"

Daga nan na fara kallonta da gaske. Ashe kafin kare ya yi gurnani ya daɗe yana magana, mu ne ba mu ji. In ta fara lasar baki alhali ba abinci, ko ta yi hamma ba barci take ji ba, ko ta kawar da kai tana kallona ta wutsiyar ido har farin idon ya fito, kunne kwance wutsiya tsakanin cinya, to cewa take ka ja baya. In na ja baya taku biyu na durƙusa sai jikin ya saki. Na daina tsaya mata a ka, na daina miƙo hannu ta sama, na daina shigowa zauren da ƙarfi ina buga ƙofa. Lokutan magani da fita fitsari na mayar da su ba sa canzawa, bayan asuba, bayan azahar, bayan isha, har ta kai in an kira salla a masallacin layinmu sai ta ɗago kai tana jira.

Mai gadin ya ba ni labarin da ya sa na gane tushen abin. A hannun yara aka saye ta tana ƴar mitsitsiya suna jan ta da igiya a wuya, tun daga nan kuma a bayan gida take ɗaure. Kwikwiyo tsakanin sati 3 da sati 12 ne yake koyon waye mutum, abin da ya gani a lokacin shi yake riƙewa. Ita igiya da dutse ta gani. Kuma mu faɗi gaskiya, a garin nan yaro ya ga kare hannunsa ƙasa yake zuwa neman dutse, babba na zaune ba zai ce mai bari ba, sannan in karen ya girma yana cizo a ce mugu ne. Ƙannena ma sai da na zaunar da su na ce duk mai son ganinta ya zauna bakin ƙofa ya yi shiru, mutum ɗaya ɗaya.

Maganar lasar ciwo ita ce ta fi ba ni wuya. Wani maƙwabcinmu ya ce in bar ta, ai miyan kare magani ne, wani ya ce in barbaɗa toka, wani ya ce baƙin mai. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma in ta samu minti biyar ita kaɗai za ta iya tsinke zaren da haƙori, ciki ne fa aka buɗe. Mun yanka ɗan bokitin roba muka yi mata abin wuya kamar mazurari, da aka sa mata sai ta haukace, tana karo da bango tana ja da baya tana haki. Na cire. Na koma ajiye shi kusa da kwanonta, in sa nama a ciki ta tura kai da kanta ta ɗauka, in ɗaura na minti biyu in kwance, a haka cikin kwana biyu ta yarda tana kwana da shi. Da rana in ina zaune kusa sai in sa mata tsohuwar rigar ƙanena in ɗaure ta baya ta rufe ɗinkin, wannan ta taimaka har wajen ƙuda, don a zafin nan ƙuda ya samu ciwo ya yi ƙwai kafin ka ankara tsutsa ce. Na kuma rataya tsohon gidan sauro a lungun. Zafi kuwa, tunda kare ba ya gumi kamar mu da haki yake huce jikinsa, in an ɗauke wuta sai in yayyafa ruwan randa a ƙasa in jiƙa mata tafin ƙafa, ɗinkin dai ba ya ganin ruwa.

Abinci shinkafa ce da aka dafa luguf da naman kaza ba ƙashi, ƴan cokula sau huɗu ko biyar a rana. Ba albasa, ba yaji, ba magi, albasa tana lalata wa kare jini, don haka sauran tuwo da miya da aka so zuba mata na hana.

Dokta ya gargaɗe ni tun farko cewa in ɗinkin hanji zai sake, galibi tsakanin kwana na uku da na biyar yake yi, kuma in ya sake abin da ke cikin hanji ya zubo a ciki sai an sake buɗe ta da gaggawa. To ranar ta huɗu ta ƙi abinci. Ta koma bayan buhu, tana rawar jiki, ko naman ba ta kallo. Cikina ya ɗuri ruwa, don ƙin abinci da lafewa su ne alamun da aka ce in ji tsoro, kuma su ne dai alamun tsoronta na kullum, ta ina zan raba? Abin da ya cece ni kaye ne. Tun bayan ɓarnar da na yi nake rubuta komai, ƙarfe nawa ta ci, ta yi fitsari, kashin farko da ta yi a kwana na uku, zafin jiki safe da yamma. Na auna na samu 38.9, daidai da na jiya. Ba amai, dasashi ja, ciki laushi. Na karanta wa Dokta a waya ya ce me ya canza a gidan yau. Sai a lokacin na lura ashe biki ake a bayanmu tun safe, ga kalangu ga janareto ga babura na ta zarya. Ya ce in ci gaba da aunawa duk awa uku, in ta yi amai ko sau ɗaya ko zafin ya hau kar in jira safiya. Wajen sha ɗayan dare da kiɗan ya lafa ta fito ta cinye kwanon tas. Da ban rubuta na jiya ba da ba ni da abin gwadawa, ko in ɗauke ta a babur cikin wannan hayaniya a banza, ko kuma wata rana in ce ai tsoro ne alhali hanji ne.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. Ba ta taɓa taɓa ta ba har ta tafi, amma da yamma takan fito bakin zaure da faifai tana tsintar shinkafa don nan ne iska ke shigowa, ba ta kallonta ba ta yi mata magana, sai Durwa ta taso ta kwanta ɗan nesa da ƙafarta ta yi barci, irin barcin da ni da nake ta lallashinta ban samu ta yi a gabana ba sai can wajen kwana na shida. Abin da Dokta ya yi a ranar nan da sani, Inna shi take yi ba da niyya ba. Wata rana na ji tana ce wa ƙanena "rage muryarka, marar lafiya na kwana."

Daga kwana na bakwai matsalar ta juya, ƙarfi ya dawo tana son tsalle da gudu, fatar ta yi kamar ta warke alhali naman ciki bai gama kamawa ba. Sai in fita da ita da igiya minti biyar bayan asuba kafin yara su cika layi, in mun dawo in ɓoye ƴan gutsattsarin nama cikin tsumma ta yi ta nema da hanci har ta gaji.

Kwana na 12 aka cire zare. Mun ɗaura mata takunkumin bandeji a baki duk da haka, don kare mai tsoro ba a ba shi tabbas, amma ba wanda ya danne ta, a gefenta ta kwanta kanta a kan cinyata Dokta na tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya. Aka sa ranar da za ta dawo rigakafin ciwon hauka, tunda ashe ba a taɓa yi mata ba. Mai gadin ya zo ɗaukarta da yamma, na ba shi tsohuwar rigar da tabarmar na ce ya shimfiɗa mata su a can, ya raba ta da manyan karnukan tukuna, ya kuma riƙa tsince ƙwallon mangwaro daga tsakar gidan. Na ce in zai ba ta abinci ya ajiye ya koma gefe ya zauna. Ya ce to. Bayan sati ɗaya na bi ta Zariya na leƙa, na same shi zaune kan benci yana shan shayi, ita kuma kwance ƙarƙashin bencin ba igiya a wuyanta.