Wasiƙa daga Jamus zuwa ga ɗaliban kwamfuta na Jos

Assalamu alaikum, ƙannena ɗalibai da sauran masu karatu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne daga nan Jamus, inda nake ƙaro karatu, saboda wata tambaya da ke yawan iso ni daga wajenku, musamman masu karatun kwamfuta a Jami'ar Jos. Tambayar ita ce ko shiga gasar rubuta manhaja irin Google Summer of Code ta kai a sha wahalarta, ga tsadar data, ga ɗauke wuta, ga jarrabawa a gaba. Amsata ita ce ta kai, domin na shiga tun ina zaune a Unguwar Rogo, amma ribar da na fi gani ba dalolin da ake biya ba ce, ko da yake ba zan yi ƙaryar cewa ba su yi mini rana ba.

Shirin na aiki ne a kan buɗaɗɗun manhajoji. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar kod ɗinta a fili, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Richard Stallman ya kafa aikin GNU, na gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a kan wannan aƙida a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ya saki Linux, ginshiƙin manhajar tafiyar da na'ura, wadda yau take cikin kowace wayar Android da ake sayarwa a Taminus. Shi kuwa shirin Google ya fara ne a 2005, kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kamfanin ba aikinsa yake ba ka ba. Kuɗi yake biya, ƙungiyoyin da ke kula da irin waɗannan manhajoji su ne ke zaɓar wanda suke so, su haɗa shi da jagora. Dole mutum ya kai shekara 18, kuma tun 2022 ba sai ɗalibi ba. Ana bayyana ƙungiyoyi a Fabrairu, a karɓi takardun tsarin aiki daga Maris zuwa farkon Afrilu, a fitar da sunaye a Mayu, ayyukan kuma sun kasu uku, na kimanin awa 90, da 175, da 350.

A ganina, yawancin hukuncin an riga an yanke shi kafin a buɗe karɓar takardu. Jagorori sun fi amincewa da sunan da suka saba gani a zaurensu na tattaunawa a intanet tun watanni, yana tambaya da ladabi, yana gyara ƙananan abubuwa, kamar dai yadda maigidan gareji a Farin Gada ba ya miƙa wa sabon yaro injin mota sai ya ga yadda yake riƙe sifana. Wanda ya bayyana ana saura mako guda da takarda mai daɗin Turanci, da wuya ya kai labari.

Ƙungiyar da na bi tana kula da wata manhajar ajiye sunayen ɗalibai da sakamakonsu. Da na girka ta a kwamfutata, sai na cika ta da sunayenmu na gida don gwaji, na ce ta jera su bisa haruffa. Ɗanjuma ya koma can ƙasa, bayan Zainab, Ƙasimu kuma ya bi shi. Dalilin shi ne manhajar tana jera haruffa ne bisa lambar da tsarin Unicode ya ba kowannensu: D lambarsa 68, Z kuma 90, amma Ɗ mai lanƙwasa 394 ce, Ƙ kuwa 408. A wajen kwamfuta, duk mai lamba babba baya yake zuwa. Masu kula da manhajar ƙwararru ne da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, sai dai babu ɗayansu da ya taɓa rubuta sunan Bahaushe, don haka matsalar ta zauna a gabansu ba su gan ta ba.

Na rubuta rahoto, na aika gyara, sai aka fara abin da har yau nake ɗauka shi ne ainihin karatun. Wata mai kula da manhajar, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, ta bi gyaran layi bayan layi. Ta ce kada a dasa haruffan Hausa kai tsaye a cikin kod, domin gobe mai wani harshe zai zo da nasa, a yi ta ɗinke-ɗinke. Ta nuna mini cewa ma'ajiyar CLDR ta Unicode ta riga ta tanadi ƙa'idar jera haruffan Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k, abin da ya rage shi ne a sa manhajar ta yi amfani da ita. Ta buƙaci in rubuta gwajin da zai faɗi idan wani ya sake ɓata tsarin nan gaba. Sannan ta yi tambayar da ni kaɗai zan iya amsawa a zauren: idan malami ya rubuta Danjuma da D marar lanƙwasa a wurin bincike, saboda allon wayarsa ba shi da harafin, ya kamata Ɗanjuma ya fito ko kuwa? Na ce dole ya fito, domin haka yawancin mutanenmu ke rubutu. Duk wannan muhawara a fili aka yi ta, tana nan a rubuce, kuma ita na nuna lokacin da nake neman gurbin karatu a nan. A makaranta malami kan ba ka maki ya wuce, amma a can ba a karɓar aikinka sai ya gyaru, ko da za a mayar maka da shi sau nawa.

Game da wuta da intanet, ba zan raina uzurinku ba, na san zaman jiran caji a shagon mai janareta. Sai dai Git, manhajar adana sauye-sauyen kod wadda Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana barin mutum ya yi aikinsa ya adana a kwamfutarsa ba tare da intanet ba, ya tura idan sabis ya dawo. Ku kuma tuna da Nji Collins Gbah na Bamenda a Kamaru, ɗan shekara 17, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci babbar kyautar Google Code-in, gasar matasa 'yan 13 zuwa 17 da aka daina bayan zagayen 2019. Ya yi aikinsa ne da OpenMRS, manhajar bayanan marasa lafiya, kuma jim kaɗan bayan rufe gasar aka katse intanet a yankinsu a Janairun 2017. Abin da jagora ba ya yafewa shi ne shiru. Idan za ka ɓace kwana biyu, ka sanar tun da wuri.

Akwai kuma gargaɗi. A gasar Hacktoberfest ta watan Oktoba, wadda kamfanin DigitalOcean ya fara a 2014, an saba ba da riga ga wanda ya aika gyara huɗu. A 2020 masu neman riga suka cika manhajojin mutane da gyaran banza, wani ya ƙara kalma ɗaya, wani ya sauya waƙafi, har aka canza doka, sai manhajar da masu ita suka yarda ake ƙirgawa. Masu kula da waɗannan ayyuka da yawansu 'yan sa-kai ne da ke duba gyare-gyare bayan sun tashi daga aikinsu, kuma ba sa manta sunan wanda ya ɓata musu lokaci.

Mai niyyar shiga zagaye mai zuwa na Google Summer of Code ya duba jerin ƙungiyoyin bara tun daga Nuwamba, ya zaɓi guda ɗaya tak, ya girka manhajarsu, ya zuba mata sunayenmu da naira da lambobin wayarmu ya ga inda za ta yi tuntuɓe. Ƙannena mata kuma su duba shirin Outreachy na horon aiki a kan buɗaɗɗun manhajoji, wanda ake yi sau biyu a shekara, wata uku kowane zagaye, ana biyan dala 7,000, kuma yana karɓar aikin rubuta bayani da zane, ba kod kaɗai ba.

A gaishe mini da malamanmu da kowa da kowa.

Naku,
Yayanku da ke karatu a Jamus